Laifin Wa Ne In Injin Tarakta Ya Tsage?

A Ingila sanyi ke tsaga injin tarakta, in ruwa ya daskare a ciki. A ƙasar Hausa kuwa zafi ne. Tsohuwar Massey Ferguson 135, wadda aka soma ƙerawa a 1964, tana da ƙarko, amma ƙura da ƙaiƙayi kan toshe lagireto, inji ya yi zafi, gaskit ya ƙone. Sai a ga farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kamar madara. Direba ya kwarara ruwan rijiya mai sanyi, kan inji ya tsage. Mai tarakta ya yi ta zaginsa, alhali shi ya hana shi tsayawa ko rabin sa'a, don kwaɗayin kuɗin haya. Lalle laifinsa ya fi na direba, ga shi huɗa ta wuce yana jiran makanike.