Ra'ayinmu: Ƙullutun Da Ba Ya Ciwo

Cikin ɗaliban da suka je koyon aiki a masana'antun Kano a zangon da ya wuce akwai biyu daga masu shirya wannan mujalla, kuma labarin da suka komo da shi ne ya sa muka jingine maganar ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana, wadda muka yi niyyar yi a wannan shafi, sai wani jiƙon.

A wani kamfani da ke Sharaɗa sun tarar da wani dattijo ɗan dako, mai kimanin shekara hamsin, wanda aikinsa lodin buhuna a mota tun safe har la'asar. Kowa a wurin ya san yana da gwaiwa. Shekara da shekaru yana ɗaure ta da tsumma, in ta sauko ya zaga bayan sito ya kwanta ya tura ta ciki, ya tashi ya ci gaba da aiki, har abokan aikinsa na yi masa ba'a da ita. Ran nan ta sauko ta ƙi komawa. Ya yi ta amai, ciki ya kumbura, aka ba shi jiƙo da kanwa, aka sayo ƙwayoyi a kemis, aka ce a bari gari ya waye. Ko da aka kai shi asibiti kashegari da azahar, hanjin da ya maƙale ya riga ya mutu, sai da likitoci suka yanke wani sashe nasa. Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma ya yi mako uku a kwance, an sayar da kekensa da awakin matarsa, sa'an nan da ya koma ƙofar kamfani ya tarar an ɗauki wani a gurbinsa.

Abin takaicin shi ne, aikin da ya yi shekaru yana gudu ba wani babban aiki ba ne. Gwaiwa irin tasa ɓula ce a bangon ciki wajen matsematsi, wadda hanji ke leƙowa ta cikinta. Ɗaukar kaya masu nauyi da tari mai daɗewa da yunƙuri wajen bayan gida su ke ƙara turo ta. Babu saiwa, babu ƙwaya, babu allurar da ke toshe wannan ɓula, sai ɗinki. In an yi shi cikin natsuwa, kafin ta maƙale, da wuya ya wuce sa'a guda, sau da yawa ma ba a sumar da mutum, wurin kawai a ke kashewa da allura, ya kwana ɗaya ko ya koma gida a ranar, bayan mako huɗu zuwa shida ya koma ɗaukar kaya. Amma in ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, tana ciwo, ga amai, ga rashin bayan gida da tusa, to, an shiga lissafin sa'o'i, gama hanjin da jini ya daina kai wa gare shi yana iya mutuwa cikin kamar sa'a shida. A nan ba a jiran wayewar gari, ba a ba mutum abinci ko ruwa, ba a danna ta da ƙarfi. Mota a ke nema.

Mu a ganinmu wannan dattijo ba wawa ba ne, kuma ba za mu bi sahun waɗanda da sun ji irin wannan labari sai su ce jahilci ba. Abu biyu suka haɗu suka kayar da shi. Na farko, yadda mu Hausawa muke auna cuta. A wurinmu mara lafiya shi ne wanda ya kwanta. Muddin mutum yana tashi, yana cin tuwo, yana zuwa masallaci, to, "da sauƙi", ko da kuwa wani abu na girma a jikinsa. Zafin ciwo shi ne ma'auninmu. Alhali kuwa a fannin ƙari da ƙullutu wannan ma'auni a juye yake. Maruru mai zugi, wanda ke hana barci, galibi ya nuna ya fashe ya warke. Ƙullutun da ya zauna shiru, ba zafi ba ƙaiƙayi, mai tauri kamar tsakuwa, wanda ba ya motsi in an taɓa shi, yana kuma ƙara girma wata bayan wata, shi ne wanda likitocin fiɗa suka fi tsoro, domin haka ciwon daji ya kan fara.

Kada a ce mun zo tsorata jama'a. Yawancin ƙullutun da ke fitowa a jikin ɗan Adam ba daji ba ne. Akwai tarin kitse a ƙarƙashin fata, mai laushi, mai zamewa a ƙarƙashin yatsa, wanda mutum zai shekara ashirin da shi a kafaɗa bai cuce shi ba. Akwai kaluluwa, wadda ke tasowa a hammata ko matsematsi sabo da rauni a hannu ko ƙafa, ta sauka da kanta in raunin ya warke. Akwai maƙoƙo, wanda ya ragu ƙwarai tun da aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri a 1993. Ko a nono ma, mafi yawan ƙullutun 'yan mata ba sankara ba ne. Sai dai fa yatsa ba ya rarrabe wannan da wancan, ko da yatsan likita ne. Shi ya sa a kan yi hoto, a kan kuma ɗebi ɗan nama da allura a duba shi a ɗakin gwaji. Kaluluwar wuya da ta haura mako uku ba ta sauka ba, musamman in ga rama da zufar dare, tana iya zama tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, tana kuma iya zama wani abin. Ƙullutun da ya kai girman ƙwan kaza, ko wanda aka cire ya dawo, a kai shi a gani. Haka gyambo ko tabon ƙuna na shekaru da bakinsa ya fara tudu yana zubar da jini. Haka kumburin muƙamuƙin yaro da ke girma cikin 'yan makonni, irin wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda yake jin magani ƙwarai in an zo da wuri. Game da nono kuwa babu wani jira: ƙullutu kowane iri, ko jini daga kan nono, ko kan nonon ya shige ciki, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, a je asibiti a makon nan. Maza ma suna yin sankarar nono, ko da yake ba kasafai ba.

Dole mu tsaya kan wata magana da ta yi kaka-gida a zukatan mutanenmu, har da waɗansu masu digiri, watau wai daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Mun yi ta tunanin inda wannan magana ta samo ƙarfinta, kuma ba mu ga laifin wanda ya fara faɗinta ba, domin abin da idonsa ya gani ya faɗa. Mace ta ji ƙullutu a nono, ta ɓoye shi wata shida sabo da kunya, ta yi wata shida tana shafe-shafe da hayaƙi, sai da ya fashe yana wari aka kai ta asibiti. Aka yi aiki, bayan wata uku ta rasu. 'Yan unguwa suka ce wuƙa ce ta kashe ta. Maƙwabciyarta da ta ji nata ƙullutun sai ta rantse ba za ta je ba, ita ma ta makara, ita ma ta zama hujja ga ta bayanta. Wadda kuwa ta je da wuri aka cire mata ta warke, ba ta shelar abin da aka yi mata, ba wanda ya ƙirga da ita. Ƙarfen da ya kamata a ji tsoro shi ne na sakiya. Ba mu raina wanzamai ba, sana'a ce mai asali, amma wanda ya huda ƙari yana zaton maruru ne ya buɗe gyambon da ba zai rufe ba, wanda kuwa ya huda gwaiwa yana zaton kaluluwa ce, hanji ya huda.

Abu na biyu da ya kayar da dattijon nan shi ne tsarin aikin kansa, kuma a nan ne alƙalaminmu zai fi nauyi. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje da suka biyo baya, masana'antu masu yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe, musamman masaƙu. Waɗanda suka rage, na roba da majemu da na kayan abinci, kullum safiya akwai cincirindon masu neman aiki a ƙofarsu. Leburan da a ke biya kullum-kullum ya san ranar da ya yi a layin kati rana ce da ba a ɗora tukunya a gidansa ba, ya kuma san mako shida na jinya daidai yake da sallama. In aka ce masa ya je asibiti da wuri, daidai yake da a ce ya zaɓi yunwar yau a kan cutar da ba ta ko yi masa ciwo tukuna. Wa zai zaɓa?

Ga shi kuwa doka ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana goma sha biyu a shekara da albashinsa in likita ya ba da takarda, ta kuma ce a ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi ga asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki, kuma ta ambaci ma'aikacin wucin gadi a cikin waɗanda ta rufe. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta mai da inshora wajibi. Dattijon Sharaɗa bai taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba. Muna tambayar ƙungiyoyin ƙwadago, da 'yan'uwanmu da suka riga mu fita suke zaune a ofisoshin ma'aikatar ƙwadago da ta lafiya: dokar da mai ita bai san da ita ba, ta wa ce?

Akwai kuma abin da ma'aikaci ke shaƙa da abin da yake taɓawa. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun 1775 likita Percivall Pott ya lura da sankarar maraina a jikin masu share bututun hayaƙi a Ingila, a 1895 kuma Ludwig Rehn ya ga sankarar mafitsara a ma'aikatan kamfanin rini a Jamus. Yau hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta tabbatar ƙurar fata tana jawo sankarar hanci, nau'in sinadarin kuromiyam da a ke kira na shida yana jawo ta huhu, waɗansu sinadaran rini kuma ta mafitsara. Ba mu ce duk ƙarin da ya fito wa ma'aikacin majema aikinsa ne ya jawo ba, gaskiya ma nau'in kuromiyam da a ke jima da shi galibi na uku ne, wanda bai kai wancan haɗari ba. Amma wanda ya ga launin ruwan da ke fita daga majemu zuwa kogin Challawa, ko daga Bompai zuwa Getsi da Jakara, ya kuma ga samari suna juya fatu ba safar hannu ba abin rufe hanci, ba zai ce neman a riƙa duba lafiyarsu sau ɗaya a shekara ya yi yawa ba. Ma'aikacin da hancinsa ɗaya ya toshe yana haɓo watanni, kada ya ce mura ce. Babban mutum da ya ga jini a fitsari ba tare da zafi ba, kada ya ce tsargiyar yarinta ce ta dawo ya yi shiru, domin ita tsargiyar kanta in ta daɗe tana haifar da sankarar mafitsara. Haka wanda ya haura arba'in yana zubar da jini ta dubura yana ramewa, kada a shekara ana ba shi maganin basir ba wanda ya duba shi.

Buƙatarmu ga masu masana'antu ba ta da tsada: likita ya riƙa zuwa yana duba ma'aikata, har da 'yan kullum, kuma wanda aka yi wa aikin gwaiwa a ajiye masa gurbinsa. A 2016 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Yuganda, inda aka ɗinke gwaiwa da ragar gidan sauro da aka tsabtace, ta kuma yi aiki daidai da ragar kamfani mai tsada. Ashe ba kayan aiki ne suka gagara ba. Kano kuwa ba ta rasa inda za a je ba, ga Asibitin Murtala, ga na Nasarawa, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, ga na ƙashi a Dala.

Saura mu. Da yawanmu kuɗin makarantarmu daga gumin waɗannan mutane ya fito, na uba ko kawu ko yaya da ke fita Sharaɗa da asuba a kan keke. In mun je gida hutu a kan miƙo mana takardar asibiti a ce mu karanta, a kan tambaye mu ko a yarda a yi aikin. Sau nawa muka ce "Allah ya sawwaƙe" muka koma kan wayarmu? Uwa ba za ta buɗe wa ɗanta namiji ƙirjinta ba, amma za ta buɗe wa 'yarta, sabo da haka wannan nauyi ya fi hawa kan 'yan'uwanmu mata. Uba ba zai ambaci gwaiwa a gaban 'ya'yansa ba, amma wanda ya lura da yadda yake dafe mara in zai tashi yana iya samun amininsa ya yi masa magana. A tambayi ƙanne mata 'yan shekara tara zuwa goma sha huɗu ko an yi musu rigakafin sankarar bakin mahaifa, wanda aka fara kyauta a Oktoban 2023, Kano na cikin jihohin farko. In kuma an samu wanda ya yarda zai je, kada a tsaya ga ba shi kuɗin mota. A raka shi, a yanki katin, a tsaya har a karɓo sakamakon gwajin, domin a tsakanin gwaji da sakamako ne mutanenmu da yawa ke komawa gida ba su sake dawowa ba.