Wasiƙa a Buɗe ga Masu Sulhunta Ma'aurata a Nariya da Ƙasar Rano

Zuwa ga masu unguwanni, dagatai, limamai, 'yan Hisba da dattawan dangi.

Yawancin rikicin aure a Nariya da maƙwabtanta, irin su Tarai, Durba, Fammar da Kibiya, ba ya isa gaban alƙali. A zauren mai unguwa yake ƙarewa, ko a ƙofar masallaci bayan isha'i, ko a ofishin Hisba, ko a ɗakin kawun yarinya ranar biko. Masu zama a waɗannan wurare su ne ke yanke makomar matar da aka doka tun kafin likita ko ɗan sanda ya ji labari. Sulhu aiki ne mai ƙa'ida, kuma ƙa'idarsa ta farko a wannan babi ita ce rarrabe saɓani da cutarwa. Saɓani na gyaruwa da nasiha da haƙurin juna. Cutarwa kuwa sai an tsayar da ita tukuna, sannan a yi maganar komawa ɗaki.

Cutarwa a cikin gida ta haɗa da mari, naushi, shuri, bulala, shaƙe wuya, ƙuna da jifa. Ta haɗa da abin da ba ya barin tabo a fata: zagin iyaye, gori, barazanar saki ko kisa, hana cefane da gangan, hana zuwa awo ko asibiti, ƙwace jarin mace ko sayar da awakinta ba da yardarta ba, tilasta mata kwanciya tana jego ko tana jinya, da kora cikin dare. Mafi yawan masu shan wannan azaba mata ne a hannun mazajensu, amma ba su kaɗai ba. Akwai agola da 'yar riƙo, akwai 'yar aiki, akwai amaryar da uwar miji ko kishiya ta sa a gaba, akwai kuma mazan da matansu suka watsa wa tafasasshen ruwa ko suka daɓa wa wuƙa. Duk wanda ya zo zaure da rauni a jiki, hukuncin sauraronsa ɗaya ne.

Game da yawan abin, ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna kusan mace ɗaya cikin uku a duniya, wato kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i. A Nijeriya, binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya gano kashi 31 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu, kuma kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka taɓa aure sun ga cutarwa daga miji, ta duka, ta jima'i ko ta muzantawa. Adadin da ya fi shafar mai sulhu shi ne wannan: kashi 55 cikin ɗari na waɗanda aka cutar ba su taɓa neman taimako ba. Waɗanda suka nema kuwa, mafi yawansu gidan iyayensu suka nufa.

Alƙaluman Arewa maso Yamma a wannan bincike sun fi na sauran shiyyoyi ƙanƙanta, kuma bai kamata hakan ya kwantar wa kowa da hankali ba. Macen da aka tarbiyyantar a kan cewa tona asirin miji abin kunya ne ba za ta buɗe cikinta ga baƙuwa mai takarda da biro ba. Binciken ya kuma nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya suna ganin miji na da hujjar dukan matarsa a kan abubuwa kamar ƙona abinci, gardama, ko fita ba izini. Wadda ta ɗauki mari a matsayin horo ba ta lissafa shi cikin zalunci. Darasin a nan shi ne, ranar da mace ta yi yaji har magana ta kai zaure, da wuya a ce dukan farko ne. Sau da yawa ta daɗe tana haɗiyewa, uwarta ta mayar da ita, yayarta ta ba ta baki, har tura ta kai bango.

Illolin a bayyane suke ga duk ungozoma da ma'aikaciyar awo: karaya, targaɗe, fashewar dodon kunne daga marin da ake kira "ɗan mari", zubewar haƙori, lalacewar ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 42 cikin ɗari na matan da mazajensu suka cutar sun ji rauni, haɗarin haihuwar bakwaini ya ƙaru musu da kashi 41 cikin ɗari, kuma yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa ta kusa ninkawa. Akwai ɓari, akwai rashin barci da firgita da ciwon kan da ba ya jin magani, wanda a ƙauye aka fi danganta shi da iska ko sammu, a yi ta hayaƙi da rubutu alhali sanadin yana kwana a ɗaki ɗaya da majinyaciyar. Har kashi 38 cikin ɗari na kisan da ake yi wa mata a duniya mazajensu ko samarinsu ne ke aikatawa. Yaran da suka tashi suna kallo kuma suna ɗaukar darasi: namiji ya koyi cewa hannu ne ke rufe gardama, mace ta koyi cewa haka aure ya gada.

Talauci, ƙarewar hatsi a rumbu kafin kaka, shirin ƙarin aure bayan an sayar da amfanin gona, rashin adalci wajen rabon kwana, auren dole, da shaye-shayen ƙwaya da sholisho duk suna rura wutar. Sanin su na taimaka wa mai sulhu ya gane inda zai sa hannu. Ba sa zama uzuri. Magidancin da ya ce zuciya ce ta ɗebe shi yakan iya danne zuciyar a gaban dagaci, da mai binsa bashi, da ɗan sandan kan hanya. A gida kawai take kuɓuce masa.

Babban makamin mai sulhu a ƙasar Rano shi ne shari'a, kuma abin takaici ne yadda ake ɗauko rabinta a bar rabi. Ana yawan kafa hujjar duka da aya ta 34 a Suratun Nisa'i, a manta da sharuɗɗan da malamai suka gindaya: kada ya bar tabo, kada ya taɓa fuska, kuma a mazhabar Malikiyya bai halatta ba sam idan miji bai yi zaton zai kawo gyara ba. Abin da ke kai mace wurin mai ɗori ko kemis ya fita daga waɗannan iyakoki gaba ɗaya. Ya tabbata a Sahihu Muslim daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Malamin tafsiri na Tunusiya, Ibnu Ashur, wanda ya rasu a 1973, ya bayyana cewa hukuma na da ikon hana duka da hukunta mai yi idan ta ga maza sun wuce gona da iri. A nan gida ma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albab, ya soki mazan da ke ɗaukar matansu kamar kayan amfanin gida, suna barinsu cikin jahilci. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya tayar da wannan magana a 2017, lokacin da ya nemi a samar wa Kano dokar iyali.

Aya ta 35 ta wannan sura ita ce asalin aikin masu sulhu: wakili ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. A Malikiyya waɗannan biyu, idan alƙali ya naɗa su, suna da ikon raba auren in gyara ya gagara, ko da miji bai so ba. Mukhtasar na Khalil ya ba mace damar neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa, ko da ba a tabbatar cewa ta maimaitu ba. Tuhfatul Hukkam, wanda alƙalan ƙasar nan ke aiki da shi, ya ce ana tabbatar da cutarwa da shaidu ko da labarin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta. Wannan na da muhimmanci a wurin da gidaje ke jingine da juna, inda ake jin ihu ta kan katanga.

Akwai kuskure guda da ake yawan yi, mai tsada ga talaka. Mace ta gaji da duka, ta ce a raba, sai zaure ya ce to ta yi khul'i, ta mayar da sadaki, wani lokaci har da kuɗin lefe. Uba ya sayar da tunkiya ko ya jinginar da gona don ya fanshi 'yarsa daga wanda ya fasa mata baki. Fiƙihun Malikiyya bai ɗora mata wannan ba. Wadda aka tabbatar an cutar da ita alƙali na raba aurenta ba tare da ta biya ko kwabo ba, kuma in ta riga ta biya sannan cutarwar ta tabbata, ana mayar mata da kuɗinta. Mai sulhun da bai san wannan mas'ala ba zai iya taya azzalumi cin riba da hannunsa.

Ta fuskar dokar ƙasa, kundin Penal Code na Arewa da ya fara aiki a 1960 yana da sashe na 55(1)(d), wanda ya daɗe yana shan suka saboda ya bar ƙofar "horon" mata a inda al'ada ta yarda da shi. Ko wannan sashe bai kare wanda ya yi mummunan rauni ba, kuma sashe na 241 ya lissafa abin da ake nufi da mummunan rauni: karaya, gocewar ƙashi ko haƙori, rasa gani ko ji, ɓata fuska, da raunin da ya hana mutum harkokinsa kwana 20. Dokar tarayya ta hana cin zarafi, wadda ake kira VAPP, ta 2015, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba ga mai dukan abokin aure, amma tana aiki ne a Abuja da jihohin da majalisunsu suka karɓe ta, kuma Kano ta shafe shekaru ana muhawara a kanta.

A aikace, mataki na farko shi ne a saurari mace ita kaɗai, ko tare da wata dattijuwa da ta aminta da ita. Wadda aka zaunar a gaban mijinta da surukinta da maza goma ba za ta ce komai ba sai "babu komai", sannan a rubuta cewa ta yafe. A tambaye ta kai tsaye, cikin mutunci: tun yaushe, da me, ko tana da ciki, ko tana tsoron komawa. A guji tambayar "me kika yi masa?" a farkon zama, domin tana sanar da ita cewa an riga an yanke hukunci. Abin da ta faɗa a asirce kada ya koma kunnen miji ba da izininta ba. Sakacin baki a nan na iya jawo mata dukan da ya fi na baya. In akwai rauni, asibiti ne gaba da komai, cibiyar lafiya ta kusa ko Babban Asibitin Rano, a kuma adana katin, domin shi ne shaidar da ba ta canza magana.

Wasu alamu na nuna cewa lamarin ya wuce zaure. Shaƙe wuya na kan gaba: wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da mijinta ya taɓa shaƙewa haɗarin ya kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai. Haka zare wuƙa ko adda, furta kisa, dukan mai ciki, kulle mace a ɗaki, dukan da ke ƙaruwa daga wata zuwa wata, da macen da ta fara maganar kashe kanta ko kashe shi. Inda aka ga ɗaya daga cikinsu ba a yin biko. Ta zauna wurin waliyyinta, magana ta tafi kotun shari'a ko wurin 'yan sanda. Lokacin rabuwa na daga cikin mafi haɗari, don haka kada a tura ta kwashe kayanta ita kaɗai.

Inda aka ga gyara zai yiwu, kuma ita da kanta ta zaɓi komawa, sulhun ya kasance a rubuce, da shaidu daga dangin biyu. A ambaci laifin da sunansa, miji ya amsa shi da bakinsa, ya biya kuɗin magani, a rubuta abin da zai biyo baya in ya sake. A sa wanda zai riƙa leƙawa bayan mako biyu da bayan wata guda. Haƙurin da ake bayarwa ya hau kan wanda ya ɗaga hannu fiye da wadda hannun ya sauka a kanta. Uba kuma ya daina cewa "in kin kaso aurenki ba a gidana ba", domin wannan kalma ita ke rufe wa yarinya ƙofa ta ƙarshe. Kusancin mai sulhu da miji, ko buhun masarar da ya saba aikowa da kaka, dalili ne na ya janye ya bar wa wani.

Mai sulhu ba shi kaɗai yake ba. Hukumar Hisba, wadda dokar Kano ta 2003 ta kafa, na da ofisoshi a ƙananan hukumomi. Masarautar Rano, da ta ƙunshi Rano, Kibiya da Bunkure tun sake fasalin 2024, na da hakimai da za a ɗaga magana zuwa gare su. A birnin Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da hukumar ba da tallafin lauya kyauta ga marasa hali. Ya kamata kowane mai unguwa da limami a Nariya ya san hanyar isa ga waɗannan, ya ajiye littafin da yake rubuta ƙarar da ta zo masa da ranarta, ya kuma sa maganar a huɗuba da wajen ɗaurin aure, inda ango da abokansa ke zaune suna ji. Duk sunan da ya bayyana sau biyu a wannan littafi a kan duka, a miƙa shi ga alƙali. Wassalam.