Waiwaye: Gasar da ta haifi Ruwan Bagaja ba ta dawo baɗi ba

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga makarantun Arewa yana neman malaman da za su ƙaga labari da boko, ba dogo can ba, wanda za a karance a zama biyu ko uku. Abin da ya dawo masa galibi na al'ajabi ne. Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, ya tura Alhaji Imam neman ruwan Bagaja, Malam Zurƙe na biye da shi suna ta gwada wa juna makirci. Bello Kagara ya ɗauko Ganɗoki daga fagen yaƙi da Turawa ya jefa shi cikin aljannu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya fi tsayawa a doron ƙasa.

Sai gasar ta kwanta. Ba a sake wata mai irin wannan amo ba sai ta kamfanin buga littattafai na NNPC a 1978, wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, kuma zuwa lokacin hankali ya koma kan soyayya da zaman duniya. A tsakani, Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, inda aka hau da yaro Bahaushe sararin samaniya a shekarar da Amurka ta sauke mutum a kan wata. Littafin ya shiga aji, an yi jarrabawa da shi, amma bai tara magada ba. A ganina ba basira aka rasa ba. Babu wanda ya ce wa marubuta su sake kawo irinsa baɗi.

Dubi yadda wasu suka yi. Kyautar Hugo ta labaran kimiyya da al'ajabi ta ware wa matsakaicin labari rukuninsa tun 1968, kalma 17,500 zuwa 40,000, kuma kusan duk shekara sai an bayar. Binti na Nnedi Okorafor ya ci ta a 2016, ya haɗa da kyautar Nebula, sannan a 2017 ya ɗauki Nommo, kyautar marubutan Afirka da aka raɗa wa suna daga almarar Dogon na Mali. Gasa kamar kasuwar ƙauye ce: don an san ranar cinta shi ya sa ake tanadar mata kaya. Hikayata ta BBC Hausa ta nuna haka tun 2016, mata na kwana da shirin gajerun labaransu saboda sun san za a sake buɗe ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen gefen iyaka. Yaro a Gene, kudu da Malanbil a Jamhuriyar Benin, da Faransanci ake koya masa karatu, da Dendi ko Fulatanci ko Hausa yake ciniki, kuma ya taso ba nesa da kogin Kwara ba, inda hirar aljannun ruwa ba ta yankewa. Kogi ne kawai tsakanin Malanbil da Gaya ta Nijar, littattafan Hausa da karatunsu a waya suna ƙetare shi ba fasfo. Gasannin da na ambata na 1933 da 1978 kuwa duk na Arewacin Najeriya ne. Duk wanda zai farfaɗo da su, ya tsayar da wata guda a kowace shekara, ya ware wa labarin al'ajabi da na kimiyya rukuninsu, kuma sanarwar ta fita har da Faransanci don ta isa makarantun Gaya da Gene.