Notin da ya ci mana kwana biyu

A hutun da ya wuce, mu biyu 'yan aji ɗaya muka je koyon aiki a wani gareji, muna ganin tunda injiniya muke karantawa babu abin da zai gagare mu. Noti guda ɗaya ya ƙaryata mu.

Motar Peugeot 504 ce, wadda iyayenmu ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, daga baya kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya soma aiki a 1975, ya yi shekaru yana haɗa ta. Mai ita wani dattijo ne da ke kai kaya kasuwannin ƙauye. Kukansa shi ne idan ya tayar da ita da safe tana yin "tsit-tsit-tsit", kuma warin hayaƙi na shiga inda yake zaune. Wannan ba abin wasa ba ne, domin hayaƙin mota na ɗauke da iskar kabon monoksaid, mai sa jiri da ciwon kai, har ta kashe mutum, ita kanta kuwa ba ta da wari.

Laifin daga manifol yake, wato ƙarfen nan mai baki-baki da ke tattara hayaƙi daga kan inji ya miƙa wa salansa. Gasket ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone. Oga ya kwance, ya kankare wurin, ya sa sabo, sai ya ce mu ɗaura notuna kafin ya dawo. Muka fara daga gefe, muka ɗaure na farko tam. Da muka ga sifana ta yi mana gajarta, muka zura mata bututu. Ja na biyu sai muka ji "ƙas!" Ƙusar da notin ke hawa ta karye, rabinta a cikin kan inji.

Ku da ke aji huɗu da biyar kun san lissafin a darasin fiziks: ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin hannu sau tsawon sifana. Idan ka ja da Newton 100, wajen nauyin kilo 10 ke nan, a kan sifana mai santimita 20, ka ba noti Newton-mita 20. Zura bututu mai mita ɗaya, ja iri ɗaya ya koma 100. Ninki biyar! Mun ci wannan tambaya a jarrabawa, amma da sifana ta shiga hannu ko tunawa ba mu yi ba.

Da Oga ya dawo bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Kwana biyu aka yi ana huda guntun ƙusar a hankali, saboda kan injin 504 na alminiyam ne, mai laushi, kuskure kaɗan haƙoran ramin su tafi. Dattijon kuwa kasuwa ta wuce shi a makon.

Sai ya nuna mana yadda ake yi. Kowane noti da yatsu ake fara shigar da shi, wanda ya ƙi tafiya a cire a duba, ba a tilasta masa. Sannan a fara ɗaurewa daga tsakiya, ana fita dama da hagu, kuma ba a zuwa ƙarshe a zagaye ɗaya: kaɗan, a ƙara, sannan a kai adadin da littafin motar ya faɗa da sifana mai awo. Ku tuna yadda ake manna takarda a allo, daga tsakiya ake shafawa don kada ta yi kumburi. Wanda ya fara daga gefe yakan bar gasket a karkace, ko ya tsaga kunnen manifol, don ƙarfen zubi bai iya lanƙwasa ba, karyewa yake yi.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne zafi. Alminiyam na buɗewa wajen ninki biyu na yadda ƙarfen zubi ke buɗewa a zafi iri ɗaya, manifol kuma ya fi kan injin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Duk tafiya, su biyun suna ɗan gogar juna, sabon gasket na ƙara kwanciya. Shi ya sa bayan an tayar da motar ta yi zafi ta huce sarai, aka sake bin notunan. Muna kallo, biyu daga cikinsu suka ƙara juyawa kaɗan, alhali jiya mun rantse sun ɗauru.

Da safe dattijon ya murza makulli, ya kasa kunne, babu "tsit-tsit". Oga ya ce ya dawo da ita bayan mako guda a sake dubawa. Bututun nan kuwa har muka gama hutu yana rataye a bango, ba a sake barinmu mun taɓa shi ba.