Ɓauren Tsakar Gida: Kowace Ƙasa da Irin Hunturunta

Abin da ya jawo maganar yau saƙo ne daga ƙanena da ke zaune a bayan birnin Paris. Ya aiko mini da hoton wani ɗan itace a tukunya, ba ganye ko ɗaya, rassan sun yi baƙi, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, ka tambayar mini Baba, ko wannan zai tashi?"

Itacen ɓaure ne. Ba irin namu na daji ba, wanda kowa ya san mai buɗe cikinsa ba ya shansa da daɗin rai, kuma ba ɗan'uwansa cediya ko durumi ko gamji ba, masu ba da inuwa a ƙofar gida. Wannan shi ne wanda Larabawa ke kira tin, wanda sura ta 95 a Alƙur'ani mai girma ke ɗauke da sunansa, wanda kuma muke sayen busasshensa lokacin azumi. Muna da guda ɗaya a gidanmu na nan Briqueterie. Wani aminin mahaifinmu ne ya kawo reshensa daga Marwa tun muna ƙanana, Baba ya dasa shi kusa da inda yake alwala. Da ƙanena ya samu gida mai ɗan fili a can, abu na farko da ya saya a wurin masu sayar da tsirrai shi ne ɓaure, domin 'ya'yansa da aka haifa a Faransa su san irin itacen gidan kakansu.

Da na nuna wa Baba hoton, sai ya ce in tambaye shi me ya yi wa itacen da sanyi ya shigo. Amsar ita ce, tausayi ya kama shi, ya ɗauko tukunyar ya shigo da ita falo, kusa da na'urar ɗumama ɗaki, yana ba ta ruwa kowane mako. A tsakiyar Janairu itacen ya fitar da tofo fari, sirara, marasa ƙarfi. Da rana ta ɗan fito a Fabrairu ya mayar da shi waje, dare ɗaya sanyi ya ƙone tofon duka. Garin neman gira, an kusa rasa ido.

Ga inda kuskuren yake. Asalin wannan ɓaure daga ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum ne da yammacin Asiya, inda ake zafi mai bushewa, sa'an nan a yi sanyi matsakaici. Idan sanyi ya zo yakan zubar da ganyensa ya yi barci, kuma cikin wannan barci ne ƙarfinsa yake. Babban ɓauren da ya yi barci sosai yakan jure sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili. Idan abin ya kai wajen 15, rassan kan mutu, amma sau da yawa saiwar tana nan da rai, ta sake tofo daga ƙasa. Wanda aka tayar daga barci da ɗumi kuwa, ko ɗan sanyin da ke daskarar da raɓa ya ishe shi. Na tukunya kuma ya fi na ƙasa rauni, domin sanyi yana kewaye saiwarsa ta kowane gefe.

To, ga 'yan'uwanmu da ke Faransa da Beljiyam da Kanada da sauran ƙasashen sanyi, waɗanda wannan mujalla ke isa gare su, ga abin da ya kamata. A jira sai ganyen ya zube da kansa, wajen watan Nuwamba. Idan na tukunya ne, a kai shi gareji ko wani ɗakin ajiya da ba a ɗumamawa, inda sanyi yake amma ruwa ba ya daskarewa. Duhu ba ya cutar da shi tunda ba shi da ganye. Ruwa kuwa kaɗan, sau ɗaya a wata, don kada ƙasar ta bushe ƙarmas. Idan a ƙasa aka dasa shi, a tara busasshen ganye ko ciyawa a gindinsa har ya kai kaurin taƙi guda ko fiye, a haɗa rassan a ɗaure da igiya a hankali, a naɗe su da buhun algarara ko tsohon bargo, a kifa bokiti a samansa don ruwa kada ya shiga. Kada a manna leda a jikin itacen, domin tana riƙe gumi, gumin kuma shi ke ruɓar da ɓawo. A riƙa leƙawa saboda ɓera, wanda ke son irin wannan ɗumi, yana kuma gaigayar gindi. Idan tsananin sanyi ya wuce, wajen ƙarshen Maris ko Afrilu, sai a kwance. Mai shirin dasa sabo, ya nemi jikin bangon da ke fuskantar kudu, wanda ke shan rana da yini ya mayar da ɗumi da dare.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A garin Argenteuil, nan kusa da Paris, manoma sun taɓa shahara da noman ɓaure na tsawon ɗaruruwan shekaru, alhali wurin ya yi wa itacen arewa da yawa. Dabararsu a wancan zamani ita ce su horar da rassan su tashi a kwance tun suna ƙanana, idan sanyi ya gabato su haƙa ramuka, su lanƙwasa rassan a ciki su binne da ƙasa, sai bazararsu ta zo su tono. Har yau akwai nau'in ɓaure mai ɗauke da sunan garin. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuwa da wannan magana suka ci abinci.

Mai karatu na nan gida zai ce, mu ina ruwanmu, tunda a Yawunde da wuya sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15? Ni ma haka na zata, har sai da na kusa kashe namu. Shekaru uku da suka wuce na sa aka shafe tsakar gida da siminti saboda taɓo, aka bar wa ɓauren ɗan zagaye a gindi. Ban lura ba cewa duk ruwan da ke sauka daga kwano yanzu nan yake taruwa. Kafin Oktoba ta ƙare ganyen ya yi ɗige-ɗige kamar tsatsa ya zube, 'ya'yan suka tsage suka yi tsami, ƙudaje suka taru. Inna ta ce mini, "Kai ka gyara gida, ka ɓata wa mahaifinka itace." Baba bai ce kome ba, amma na ga ya daina ajiye butarsa a wurin.

A nan na gane cewa hunturun ɓaure a garinmu damina ce. Muna kan tudu mai tsayin kimanin mita 750, muna da damina biyu, ta Maris zuwa Yuni da ta Satumba zuwa Nuwamba, ruwan shekara kuma yakan kai milimita 1,500 ko ya wuce. Ƙari a kan haka, unguwar nan daga wurin yin bulo ta samo sunanta, ƙasar da ta yi kyau da bulo kuwa ƙasa ce mai riƙe ruwa. Itacen da ya fito daga ƙasar duwatsu da fari, wanda ya ji daɗin Marwa, ba abin da ya fi ƙi kamar saiwarsa ta kwana cikin ruwa.

Abin da muka yi shi ne, muka fasa simintin muka faɗaɗa zagayen, muka juya indararo ya zuba a kwata, muka cakuɗa ƙasar sama da yashi da ruɓaɓɓen taki muka tada ta kamar kunya. Muka rage rassan tsakiya don iska da rana su ratsa. Duk ganyen da ya yi tsatsa muna tsince shi mu ƙone, ba ma barinsa a gindi, domin daga nan cutar ke komawa sama. Na kuma koyi yin sassabe a watan Agusta, lokacin da ruwa ke ɗan tsagaitawa, ta yadda 'ya'yan za su nuna a ranin Disamba zuwa Fabrairu, su yi zaƙi ba tare da tsagewa ba. Wanda gidansa ba fili, kamar yawancin gidajen unguwarmu, rabin duro da aka huda gindinsa aka ɗora kan bulo ya ishe shi, ya kuma fi sauƙin ja zuwa ƙarƙashin rumfa idan ruwa ya yi yawa. Gargaɗi guda: farin ruwan da ke fita idan an yanke reshe yana ƙona fata, musamman a rana. A sa safar hannu, a kuma hana yara wasa da shi.

Mu koma kan tambayar ƙanena. Amsar da Baba ya ba shi ita ce kada ya yi gaggawar sarewa. Ya kankare ɓawon da farce kaɗan, daga saman reshe yana sauka. Inda ya ga kore, akwai rai. Ya jira har watan Yuni kafin ya yanke abin da ya tabbata ya mutu. Ya bi wannan shawara, kuma cikin ikon Allah tofo uku suka fito daga gindi. Ba zai sha 'ya'ya bana ba, amma itacen na nan.

Da na karanta wa Baba wannan labari, sai ya yi murmushi ya ce, "Kai ka ba shi ruwan da bai nema ba, ƙanenka ya ba shi ɗumin da bai nema ba, kuma kowannenku yana ganin alheri ya yi. Ku riƙa tambayar abin da kuke reno me yake bukata a inda yake." Ban sani ba ko itace kaɗai yake nufi, domin yana maganar yana duban hoton jikokinsa. Butarsa dai ta koma gindin ɓaure.

Wanda ke son reshe ya dasa, ya same ni bayan sallar la'asar idan Agusta ta zo. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.