Mai Ciwon Suga Da Azumin Ramadan

Duk shekara idan Ramadan ya ƙarato, gidaje da dama kan shiga muhawara guda: shin Baba ko Inna mai ciwon suga za su ɗauki azumi? Sau da yawa kunya ce ke yanke hukunci a maimakon ilimi. Dattijo ya gwammace ya galabaita da a gan shi yana shan ruwa da rana.

Wannan kuskure ne. A aya ta 184 da ta 185 ta Suratul Baƙara, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwamen ya sha azumi ya rama daga baya. Malamai kuma sun bayyana cewa wanda ba a sa ran warkewarsa sai ya ciyar da miskini a madadin kowace rana.

Shawarar likitoci ita ce mai ciwon ya je asibiti makonni 6 zuwa 8 kafin azumi, a duba halinsa, a daidaita masa magani. Wanda aka yarje wa ya jinkirta sahur, ya riƙa auna jininsa da rana, domin ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. Idan awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko karkarwa da gumi da jiri suka taso, ya buɗe baki nan take, ko da ana dab da kiran magariba.

Muna kira ga limamai su faɗakar a kan mumbari tun daga watan Rajab, iyalai kuma su daina yi wa mai uzuri kallon rago. Rai amana ce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.