Camama ba laifi ba ce, amma wa ake yi wa dariyar?

Shekaranjiya da daddare muna kallon wani tsohon fim ɗin Ibro a waya, sai wani abokin karatuna ya leƙo ya ce, "Haba, kana digiri na biyu kana kallon camama?" Ban tanka masa ba, don a laftof ɗinsa na taɓa ganin Waking Ned.

Ga wanda bai san shi ba, fim ne na 1998. Wani tsoho a ƙauyen ƙasar Ailan ya ci caca, murna ta kashe shi da tikiti a hannu, sai mutanen garin suka haɗa baki wani ya fito a matsayinsa, su raba kuɗin. Ku faɗa min tsakani da Allah, wannan ba labarin Ibro ba ne? Masu sharhi da yawa sun yaba shi, wasu kuma suka ce an mai da ɗan ƙauyen Ailan abin wasa. Daraktan ɗan Ingila ne, kuma ba ma a Ailan aka ɗauki fim ɗin ba.

To su sun yi gardama a kai. Mu fa? Raini kawai. Rabilu Musa Ibro har gidan yari ya shiga a Kano a 2008 kan Ibro Aloko, ya rasu a Disambar 2014, amma har yau ɗan boko kunyar ambatonsa yake ji, alhali ya haddace barkwancinsa tsaf.

Ni kam inda nake da ƙorafi daban ne. A Jimeta na tashi, mahaifiyata Bafulatana ce. Duk sanda aka fito da ɗan Fulani da malfa da sanda yana karya Hausa, ana damfarar sa a tasha, ni ma dariya nake yi. Amma ranar da na raka kawuna kasuwa, yara suka bi shi suna kwaikwayon muryar fim, wallahi dariyar ba ta zo ba. Mutumin da ke da Fulatanci da Hausa da Larabcin allo, shi ne wawan?

A Waking Ned 'yan ƙauye ne suka yi wa jami'in da ya zo daga birni wayo. A namu, sau nawa ɗan ruga ke cin nasara kafin fim ya ƙare? Masu neman abin rubuta kundi a sashen harsuna, ku ƙirga mana. Ni ma zan taya ku kallo.